Matambayi Ba Ya Ɓata: Ina Iyakar Wannan Magana?

Tun muna yara ake gaya mana cewa matambayi ba ya ɓata, kuma tambaya rabin ilimi ce. Ban taɓa jin wanda ya yi jayayya da waɗannan maganganu ba, ni ma ban taɓa zaton zan zauna in yi musu kallon tsanaki ba, sai da wani abu ya same ni a dogon hutun bara wanda har yau bai bar zuciyata ta huta ba. Shi ne nake so in baje a gaban 'yan'uwana ɗalibai a wannan fili da ƙungiyarmu ta ba ni, domin na tabbata ba ni kaɗai abin ya sama ba, sai dai kowa ya yi gum da bakinsa.

Ni mutumin ƙasar Roni ne, cikin masarautar Kazaure. Da aka ba mu hutu sai na yi rajistar wani kwas na mako 8 a intanet a kan ilimin furuci da tsarin sauti, saboda darasin ya ba ni wuya a aji, kuma na ji an ce takardar shaidarsa tana taimako wajen neman aikin fassara. Tsarin kwas ɗin shi ne, kowane mako a kalli bidiyon malami, a karanta 'yan shafuka, sa'an nan a amsa tambaya 10. Wanda bai ci 8 ba, ba za a buɗe masa darasin gaba ba sai ya sake. Kafin a soma kuwa sai da kowa ya danna wani ɗan akwati, watau ya yi alkawarin cewa amsoshin da zai bayar daga kansa za su fito. Na danna ban ko karanta sosai ba, kamar yadda muka saba.

Yankinmu ba baƙon kwamfuta ba ne. Tun 2001 gwamnatin Saminu Turaki ta kafa makarantar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, ga kuma Kwalejin Hussaini Adamu, sa'an nan a 2021 aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Amma duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san wannan arziki bai kai ko'ina ba. A gidanmu sabis ba ya zama wuri ɗaya, sai mutum ya fita bayan gari ya hau dutse yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Ranar da na sami kuɗin mota sai in shigo Kazaure, in ba da wayata caji a wata rumfa, in zauna in sauke darussan mako guda in koma da su.

Mako uku na farko na yi su da gumina. A mako na huɗu aka zo kan bambancin da ke tsakanin ƙwayar sauti da fuskokin da takan ɗauka a furuci. Na kalli bidiyon sau biyu, Turancin malamin na gudu kamar ruwan kwazazzabo, ban kama komai ba. Na gwada tambayoyin na ci 5. Na sake na ci 6. Ga data ta kusa ƙarewa, ga la'asar ta yi sanyi, motar gida kuwa ba ta jiran kowa. Sai na kwafi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya na zuba wa ɗaya daga cikin manhajojin nan masu amsa tambaya, ita kuma ta zubo mini amsa, na mayar. Na ci 10 cif. Mako na biyar ma haka na yi, kuma a wannan karon ban ko wahalar da kaina da kallon bidiyon ba. Wanda ya ɗanɗana zuma, da wuya ya koma lasar maɗaci.

Da na ba wani abokina labari, mutumin Babura wanda muke kwas ɗin tare, dariya ya yi mini har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba malam, sai yanzu ka waye? Ai ni tun makon farko haka nake yi." Da ya ga fuskata ba ta saki ba sai ya kawo mini hujjoji uku, kuma ba hujjojin banza ba ne. Ya ce na farko, zamanin hadda ya wuce, likita ma yakan duba littafi kafin ya rubuta magani, kuma babu mai ce masa ɓarawo. Na biyu, waɗanda suka shirya kwas ɗin sun shirya shi ne domin masu wutar lantarki dare da rana da intanet mai sauri, waɗanda Turanci harshen uwa ne gare su, saboda haka ba adalci ba ne a auna mu da ma'auni ɗaya. Na uku, wa na cuta? Ban ɗauki kayan kowa ba, ban hana kowa makinsa ba. Ya rufe da cewa, "Kai da kake karanta Hausa, ba ku ne kuka ce matambayi ba ya ɓata ba? To, tambaya ka yi."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai, domin tana da ƙamshin gaskiya. Neman amsa daga nesa ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, kuma magabatanmu ba su ɗauke shi abin kunya ba. A watan Shawwal na shekarar 898 bayan Hijira, watau 1493, wata takarda ta isa Alƙahira hannun Imam Jalaluddin Suyuɗi daga wani mutum na wannan nahiya tamu mai suna Muhammadu Allamtuni. Cike take da tambayoyi a kan halayen sarakuna da al'adun jama'ar ƙasarsa, kuma Suyuɗi ya amsa masa. Takarda ce ta ratsa Sahara a bayan raƙumi, ta yi watanni a hanya. Haka nan Askiya Muhammadu na Songhai ya jera wa Shaihu Magili tambayoyi a kan sha'anin mulki, shi Magilin da ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa. A zamanin Turawa kuma mutane da yawa a Nijeriya sun yi karatu ta gidan waya, suna aika aikinsu Ingila ana dubawa ana dawo musu da shi. Ta karatu daga gida ne Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira goma, ya sami digirin Jami'ar Landan a 1928. In waɗannan bayin Allah sun nemi amsa daga uwa duniya aka yaba musu, ni da na nema daga wayar da ke hannuna, mene ne laifina? Sauri ne kawai ya bambanta mu?

Na yi kwanaki ina juya wannan tambaya ban sami bakin zaren ba, sai ranar da aka aike ni Gwiwa wurin kawuna. Shi malami ne mai makarantar zaure, magidanta ke ɗaukar karatun littattafai a wurinsa bayan sallar asuba. Na zauna daga gefe ina saurare. Wani ɗalibi ya tsaya a kan wata mas'ala cikin Risala, ya ce, "Allah gafarta Malam, nan ban gane ba." Kawu ya saki fuska, ya warware masa, ya kawo misali, ya sake kawo wani, har sai da mutumin ya gyaɗa kai. Can an jima sai shi Kawu ya juya ga wani ɗalibin ya jefa masa tambaya a kan karatun jiya. Mutumin ya yi shiru yana sosa ƙeya, na kusa da shi ya raɗa masa amsa, ya faɗa. Nan take fuskar Kawu ta canza. Ya dubi mai raɗar ya ce, "Malam, ka cuce shi, ka cuce ni. Ban tambaye shi don ban san amsar ba. Na tambaye shi ne don in san shi."

Ni aka yi wa wannan faɗa, ko da yake Kawu bai sani ba. A zaman nan guda na ga tambaya biyu, kalma ɗaya muke kiransu da ita amma ba dangin juna ba ne. Akwai tambayar da ke fitowa daga wanda bai sani ba zuwa ga wanda ya sani. Ita ce ta Allamtuni, ita ce ta Askiya, ita ce wadda karin magana ke nufi. Wannan ka kai ta ko'ina, ga malami, ga ƙamusun Bargery, ga Google, ga tsohuwa mai sayar da daddawa, babu laifi, hasali ma barinta shi ne laifi. Akwai kuma tambayar da ke fitowa daga wanda ya sani zuwa ga wanda ake son a san abin da ke kansa. Wannan ba neman ilimi ba ce, mudu ce. Mai ita ba amsa yake bukata ba, awo yake yi. Tambayoyi goman nan na mako na huɗu ba nawa ba ne, mudun malami ne aka miƙo mini in zuba abin da na noma. Ni kuwa na ari hatsin wani na cika, na ce nawa ne.

In an fahimci wannan, hujjar abokina ta farko ta rushe da kanta. Likitan da ya duba littafi tambaya irin ta farko yake yi, kuma yana iya amfana da abin da ya gani ne saboda an riga an auna shi an ga ya cika. Shi ya san shafin da zai buɗe, in kuma ya ga kuskuren ɗab'i zai gane. Ni fa? Bari in faɗi abin da ya ƙara kunyata ni. A mako na shida aka ce kowa ya kawo misali daga harshensa na kalmomi biyu da karin sauti kaɗai ya raba ma'anarsu. Na koma ga manhajar tawa, ta ba ni gari na zama da gari na tuwo, cikin tabbaci ba ko ɗar. Na kusa miƙawa, sai wani abu ya ce mini in furta su da bakina. Da na furta sai na ji ashe karinsu ɗaya ne, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Misalin da ake nema yana nan a ƙofar gidanmu, watau kuka na hawaye da kuka ta miya. Da a ce harshen da aka tambaya ba nawa ba ne, da na haɗiye kuskuren ban sani ba. To, amsoshi nawa na haɗiye a mako na huɗu da na biyar, inda ba ni da kunnen da zai tsayar da ni?

A darasin falsafa da ake yi mana a shekarar farko an ba mu labarin wata muhawara da Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, ya rubuta tsakanin malaminsa Sokratis da wani saurayi mai suna Meno. A ciki an yi maganar mutum biyu masu nuna hanyar wani gari, Larisa: ɗaya ya san hanyar, ɗaya kuwa zato ya yi kuma zatonsa ya dace. Duka biyu za su kai ka. To, me ya sa sani ya fi zaton da ya dace daraja? Amsar da aka bayar ita ce, zato ba ya zama, yakan tsere, sai an ɗaure shi da sanin dalili. A lokacin na rubuta wannan na ci jarrabawa da shi ban damu ba. Yanzu ne na gane shi, kuma da hanyoyinmu na gane shi. Baƙon da aka ce masa bi nan, ka karya dama, ka miƙe, zai isa ƙauyenmu lafiya lau da rani. Amma ranar da damina ta cinye hanya, a nan zai tsaya yana zare ido, alhali kuwa yaron da ya tashi a wurin zai zaga ta bayan dutse ya fita. Amsar da aka kwafo hanyar rani ce. Abin takaicin ma shi ne, darasin mako na huɗun da na tsallake yana cikin kunnena tun ina goye. Muna tsakanin Kano da Daura da Katsina, na sha jin wani ya ce fili wani ya ce hili, kuma ba wanda ya taɓa zaton wurare biyu ake nufi. Da na daure na kwana biyu da tambayar, da wataƙila ta kai ni nan da kanta. Amsar gaggawa ta kashe ta tun ba ta nuna ba.

Hujja ta uku, wai wa na cuta, ita ce ta fi sauƙin faɗa kuma ta fi haɗari. Sunan abin da ake ba mu a ƙarshen kwas takardar shaida. Mu tsaya a kan kalmar nan, mu da sana'armu ke nan. Shaida magana ce da ake yi domin wani na uku wanda bai halarta ba ya dogara da ita. A makarantar allo ba a wanke allo sai malam ya ji karatun da kunnensa, kuma ijazar da malaman zaure ke bayarwa cewa take yi, wane ya karanta littafi kaza a gabana, ni ma na karanta a gaban wane. Akwai ido, akwai kunne. A kwas ɗin intanet kuwa malamin bai taɓa ganina ba, na'ura ce ke ƙirga maki, saboda haka shaidun da suka rage ni kaɗai ne. Ni ne mai awo, ni ne mai hatsi. Wanda zai cutu ba ya nan tukuna: shi ne wanda wata rana zai ba ni aikin rubuta maganar wani dattijo da alamomin karin sauti, ko fassarar sanarwar asibiti, ya dogara da takardar. In nawa ya yi sauƙi, sai mu tuna ba ɗaliban Hausa kaɗai ke kwas a intanet ba. Ma'aikatan lafiya na yi, masu haɗa wutar sola na yi, masu lissafin kuɗin jama'a na yi. Ba na son ranar da mahaifiyata za ta kwanta a gaban wanda ya ci 10 irin cin da na yi. Mu Musulmi kuma mun san akwai sura sukutum a Alƙur'ani da ta ɗauki sunan masu tauye mudu, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya tsaya a kan gero da dawa ba.

Su kansu masu koyarwa daga nesa sun san da wannan rami. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Nijeriya, wadda Shehu Shagari ya kafa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ta raba makinta gida biyu: 30 ga aikin da ɗalibi ke yi shi kaɗai, 70 ga jarrabawar da ake yi a gaban masu sa ido. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022 kuwa, malamai a ko'ina cikin duniya suke ta faman sake tunani a kan aikin gida.

Saura hujja ta biyu, kuma a nan dole in sassauta murya, domin abokina yana da gaskiya mai yawa. Ba daidai ba ne a ce wanda ke hawa dutse neman sabis da wanda ke kwance a ɗaki mai sanyi a Landan ƙoƙarinsu ɗaya. Daɗin daɗawa, kwas ɗin ya ba ni mudu amma bai ba ni zaure ba. Tun a mako na uku na aika wa masu shi tambaya ta gaskiya, irin ta farko, har aka gama ba a amsa mini ba. Allamtuni ya jira watanni amma ya sami Suyuɗi. Ni na sami sauri, ban sami kowa ba. Ɗalibin da ba shi da wurin kai tambayarsa ta neman sani, da wuya ya riƙa bambance ta da ta awo, duk rami ɗaya zai zuba su. Wannan uzuri ne, kuma ina fata masu shirya irin waɗannan kwasa-kwasai su ji shi. Amma uzuri yana rage nauyin laifi ne, ba ya mayar da hatsin wani nawa. Talauci na iya sa a tausaya wa mai algus, amma wanda ya sayi garin da aka gauraya da ƙasa, ƙasar zai tauna.

Wani zai ce, to, in na ga tambayar awo ban sani ba, na je na bincika har na fahimta da gaske, sa'an nan na dawo na amsa, shi ma sata ne? A ganina wannan ya danganta da sharaɗin da aka yi. In masu kwas sun yarda a buɗe littafi, babu komai, in kuwa an yi alkawarin rufewa, alkawari kaya ne. Hanyar da ta fi tsabta a wurina ita ce mutum ya amsa da abin da ke kansa, ya faɗi in faɗuwar ce, sa'an nan ya ɗauki abin da ya kayar da shi ya mai da shi tambayarsa ta kansa, ya bi duniya da ita. Abin da ke hana mu wannan ba data ba ce kawai, kunyar cewa ban sani ba ce. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imam Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a kan 32, kuma shi ne wanda ƙasar nan tamu ke bin mazhabarsa fiye da shekara dubu bayan rasuwarsa. Ni kuwa na kasa jure ganin 6 a fuskar waya, inda ba mai kallona sai akuyar mai rumfa.

Kafin in baro Gwiwa na daure na gaya wa Kawu abin da na yi. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, allon da aka wanke ba a biya ba, ai sai a sake rubutawa." Na ce, "Kawu, ai an riga an ba ni maki, na'urar ba ta komawa baya." Ya ce, "Ita ce ba ta komawa."

Na koma na sake mako na huɗu da na biyar ni kaɗai, da littafin Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Mu'azu Sani Zariya a gefe, na yi kwana 9 a kan abin da dā na gama cikin minti 10. Yanzu ina iya bayyana shi ga ƙanwata 'yar sakandare har ta gane. Amma makin da ke cikin takardar shaidata na ranar nan ne ta Kazaure, ba na kwana taran ba. Abokina na Babura ya riga ya haɗa tasa da takardar neman aiki, an kuma kira shi ganawa. Tawa tana cikin jaka. Akwai wani aikin fassara da za a rufe karɓar takardunsa ƙarshen watan nan, na cike fom ɗin duka, saura layin da aka ce a lissafa takardun shaida.